ASALIN KALMA: Daga Ina "Lakwal" Ta Fito?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Damagaram ya ji 'yan'uwanmu na can suna cewa yaro ya tafi lakwal, wato makarantar boko. Kalmar aro ce daga Faransanci, "l'école". Hausawa suka haɗiye ta duk da harafin da ke gabanta, kamar dai yadda muka yi wa "al" ta Larabci a cikin alƙalami da alƙali.

To, su ma Faransawan gadonta suka yi. Tushenta yana ƙasar Girka, inda ake cewa "skhole". Abin mamaki, ma'anarta ta fari ita ce hutu, wato sararin da mutum ke samu bayan ya sauke wahalar neman abinci. Masu wannan sarari a birnin Atina sukan zauna gaban malamai irin su Aflatun suna muhawara. A kwana a tashi, sunan hutun ya koma kan muhawarar, daga bisani ya koma kan wurin da ake yinta.

Rumawa suka ara, suka ce "schola" da Latinanci. Da Julius Kaisar ya ci ƙasar Gol da yaƙi tsakanin shekarar 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Latinanci ya kafu a inda ake kira Faransa yau. Bakin talakawa ya ƙara wasali a gaba, ta zama "escole". Sannu a hankali aka daina furta harafin "s", har ƙamus na Majalisar Harshen Faransanci na 1740 ya kore shi daga rubutu. Mulkin mallaka kuma ya kawo ta Nijar.

Mai karatu, akwai darasi a nan. Mutanen da suka raɗa sunan sun gane cewa ilmi ba ya zama sai da sarari. Yarinyar da aka ɗora wa farantin talla tun daga tashi makaranta har isha'i, yaushe za ta buɗe littafi? Gobe ta faɗi jarrabawa mu ce ba ta da ƙwaƙwalwa, alhali lokacinta muka cinye. An ce ba a gudu ana susar takashi. Iyaye, a rage wa yara ɗawainiya, a bar musu sa'o'in bita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.