Ciwon ƙafa mai hana barci: A fara da gwajin jini kafin a nufi kyamis

Akwai ciwon da ba ya kumbura, ba ya sa zazzaɓi, amma yana iya raba mutum da barci shekara da shekaru. Da zarar mai shi ya miƙe a shimfiɗa, sai ya ji wani abu a cikin ƙwaurinsa kamar tururuwa na yawo, ko kamar ana jan jijiya. Ba ya samun sa'ida sai ya motsa ƙafar ko ya tashi ya zaga tsakar gida. Yana komawa ya kwanta, abin ya dawo.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, ciwon ba shi da tsayayyen suna. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce gajiyar gona, wani ya kai shi ga iska ko sammu. A ƙauyukan da ake kwana da fargabar 'yan bindiga kuwa, wanda ya ce ƙafa ce ta hana shi barci da wuya ya samu mai sauraronsa.

Amma likitoci sun daɗe da sanin sa. Likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana shi tun 1672, sannan Karl-Axel Ekbom na ƙasar Suwidin ya yi cikakken bayaninsa a 1945. Shi ya sa ake kiran sa cutar Willis-Ekbom, ko RLS a taƙaice, wato ciwon rashin natsuwar ƙafa.

Alamomi huɗu ake duba wa. Mutum yana jin dole sai ya motsa ƙafa. Abin yana tasowa ne idan ya zauna ko ya kwanta. Motsi yana kawo sauƙi. Kuma ya fi tsananta da yamma ko cikin dare. Wannan ne ya bambanta shi da ɗaurewar tsoka, wadda ke kama ƙwauri da zafi farat ɗaya ta saki, da kuma zogin tafin ƙafa na masu ciwon suga, wanda tafiya ba ta kashe shi.

Abin da ya sa ya shafi wannan yanki

Ciwon yana bin jini a wasu gidaje, yana kuma zuwa da ciwon ƙoda. Sai dai babban abin da ke tayar da shi, wanda kuma ake iya gyarawa, shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ƙwaƙwalwa na buƙatar wannan sinadari domin tafiyar da saƙonnin da ke sarrafa motsi.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. Haihuwa a kai a kai, zubar jini mai yawa lokacin al'ada, da abincin da nama ya yi ƙaranci a cikinsa, duk suna ƙwaƙule ajiyar ƙarfen jiki. Kusan ɗaya cikin biyar na masu juna biyu kan ji alamun ciwon, musamman a watanni ukun ƙarshe, kodayake yakan lafa bayan haihuwa.

Maza ma ba su tsira ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ita ce ke shayar da gonakin rani na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Aiki cikin ruwa da taɓo ba takalmi yana buɗe ƙofa ga tsargiya da tsutsar ciki mai shan jini, kuma dukkansu suna rage jini sannu a hankali ba tare da manomi ya ankara ba.

Inda ake ɓata abin

Mafi yawan masu rashin barci kyamis suke fara zuwa. A nan ne ake yin gudun gara a faɗa gidan zago. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, irin su Piriton da Phenergan, suna iya ƙara tsananta ciwon. Haka maganin amai metoclopramide, da wasu magungunan damuwa irin su amitriptyline. Mutum ya sha don ya samu barci, ƙafar ta ƙara tashi, shi kuma ya ƙara yawan ƙwayar.

Mafi haɗari shi ne tiramol da kodin. Suna iya kwantar da ƙafar na ɗan lokaci, daga nan jiki ya saba. Ranar da aka yi ƙoƙarin dainawa, rashin natsuwar ƙafa na cikin abin da ke fara addabar mutum, sai ya koma. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma wanda bai san sunan ciwonsa ba zai ci gaba da neman duk abin da zai ba shi barci.

Hanyar da ta fi

Matakin farko gwajin jini ne, kuma ba gwajin yawan jini na yau da kullum kaɗai ba. Mutum na iya samun jininsa daidai alhali ajiyar ƙarfensa ta yi ƙasa. Gwajin da ke nuna ajiyar shi ake kira feritin, kuma ƙwararru kan ba mai wannan ciwo maganin ƙarfe idan sakamakonsa bai wuce 75 ba. An fi son a yi gwajin lokacin da ba a zazzaɓi, domin rashin lafiya na ɗaga sakamakon.

Maganin ƙarfe ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Yakan ɗauki kamar wata uku kafin a sake gwaji. A sha shi da lemo, a nisanta shi da shayi da madara, domin suna hana jiki tsotse shi. Kuma kada kowa ya fara sha da ka, musamman masu sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, domin yawan ƙarfe ma cuta ne.

Idan hakan bai wadatar ba, akwai magungunan da likita ke rubutawa. Shekaru da dama an fi ba da pramipexole da ropinirole, har aka gano cewa idan aka daɗe a kansu sukan juya su ƙara ciwon: ya fara tun da rana, ya haura zuwa hannu. Don haka sabbin ƙa'idojin ƙungiyar likitocin barci ta Amurka na 2024 suka fifita gabapentin da pregabalin. Su ma suna sa jiri, kuma ana iya kamuwa da su, saboda haka ba na saye a kan tebur ba ne. Wanda ya riga ya daɗe a kan wani magani kada ya yanke shi rana ɗaya, ya koma wurin likita.

A gida, rage goro da shayi da kofi daga la'asar yana taimakawa, haka barin taba. Ɗan tattaki da yamma, matsa ƙwauri, da jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kan kawo sauƙi. Wake, hanta, zogale da alayyahu su yawaita a tukunya gwargwadon hali.

Aikin da ke gaban hukuma

Duk wannan shawara ba ta da amfani idan gwajin ya fi ƙarfin talaka. Bai dace mai ciki daga ƙauyen Maradun ko Bakura ta kama hanyar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a wannan yanayi na tsaro, saboda gwajin jini guda ɗaya ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara ta tabbatar ana samun gwajin feritin a kowane lokaci, kan farashi mai sauƙi, a Babban Asibitin Talata Mafara, inda mutanen yankin ke haɗuwa kowace Talata don cin kasuwa.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ma'aikatan awon ciki su ƙara tambaya ɗaya: shin ƙafa na hana ki barci? Masu kyamis kuma su koyi alamomin nan huɗu, su tura mai su asibiti maimakon miƙa masa ƙwayar barci.

Su ma iyalai da nasu. Matar da ke tashi tana zagaya ɗaki cikin dare ba raki take yi ba, kuma dattijon da ya kasa zama a mota daga Mafara zuwa Gusau ba fitina ce ta yi masa yawa ba. Ciwon na iya zama na tsawon rai ga wasu, amma ana shawo kansa, kuma wanda ya san sunansa ya san abin da zai nema idan ya isa gaban likita.