Ciwon daji: ya kamata masu zaman jinya su shiga ajin malaman asibiti

A Faransa, tun 2009 aka buɗe Jami'ar Marasa Lafiya a birnin Paris, inda waɗanda suka yi fama da cuta irin ta daji ke karatu har su samu takardar shaida, wasunsu su koma koyar da ma'aikatan lafiya. Dokar watan Yulin 2019 ta ƙara ƙarfafa shigar marasa lafiya cikin horon ɗaliban fannin.

A Nijar kuwa, buƙatar ta fi girma. Sai a 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashi da na'ura, da tallafin hukumar nukiliya ta duniya. Matar da ta taso daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ba ta zuwa ita kaɗai. Ƙanwarta ko ɗiyarta ce ke yi mata wanka, ta ba ta abinci, ta je neman magani, ta kwana a tabarma kusa da gado. Rabin aikin jinya a hannunta yake. Ita ta san yadda amai ke biyo bayan ƙarin ruwan magani, ta san ranar da kuɗin abinci da masauki suka ƙare, duk da cewa tun 2007 gwamnati ta ce maganin dajin mama da na mahaifa kyauta ne. Ta kuma san dalilin da ya sa wasu ke komawa wurin mai maganin gargajiya da zarar an ambaci yanke nono.

Wannan sani ba ya cikin littattafan faransanci da ɗaliban makarantun ENSP na Yamai da Damagaram ke karantawa. Ɗalibi na iya haddace sunayen magunguna, ya fito bai san da wace kalmar Hausa ko Zabarmanci zai gaya wa miji sakamakon gwajin matarsa ba.

Sai dai gayyatar mace guda ta ba da labarinta a watan Oktoba, a tafa mata, a sallame ta, bai isa ba. Ana buƙatar masu jinyar su zauna da malamai lokacin tsara darussa, a biya su ladan lokacinsu da kuɗin mota, a kuma rufa asirin wadda ba ta son unguwa ta ji ciwonta. Hakan ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Izinin ma'aikatar lafiya da amincewar shugabannin makarantun kawai yake jira.