Cinikin Biri a Sama: Shin a Jira Sabon Akwatin Tace Bidiyo?

Sau biyu a shekara hankalin masu sana'ar tace bidiyo yakan tashi. A watan Afrilu ana baje kolin NAB a birnin Las Vegas na Amurka, a watan Satumba kuma ana yin na IBC a Amsterdam. A nan kamfanoni ke yaye mayafin na'urorin da suke shirin fitarwa. Kafin mako ya zagayo, hotunan sun iso wayoyin editocin da ke Titin Gidan Zu a Kano, tambaya kuma ta biyo baya: in ajiye kuɗina in jira wannan akwati, ko in ƙara wa kwamfutar da nake da ita ƙarfi?

Akwatin da nake nufi shi ne na'urar da aka ƙera don aiki ɗaya tak. Ba ta buƙatar kwamfuta. A kunna ta, a zuba mata hotuna, a yanka, a jera, a fitar. Ra'ayina shi ne kada kowa ya biya kuɗin irin wannan na'ura kafin ta fito ta yi watanni a hannun jama'a. Ko bayan ta fito ma, masu wani nau'in aiki ne kawai za ta amfana.

Sha'awar irin wannan akwati tana da tushe, kuma tarihi ya nuna haka. A rabin ƙarshe na shekarun 1990, kamfanin MacroSystem na Jamus ya fitar da Casablanca, akwati mai siffar bidiyon kaset, wanda ake haɗawa da talabijin a sarrafa shi da ƙwallon murzawa. A zamanin, tace bidiyo a kwamfuta wahala ce: katin ɗaukar hoto ya ƙi jituwa da manhaja, na'ura ta sandare ana tsakiyar aiki. Casablanca ta raba mutane da wannan ciwon kai, shi ya sa makarantu da masu ɗaukar bukukuwan aure a Turai da Amurka suka rungume ta. Abin da ta sayar musu shi ne kwanciyar hankali.

Sai dai duniyar da ke kewaye da akwatin ba ta tsaya ba. A 1999 Apple ya fitar da Final Cut Pro da iMovie, kebul ɗin FireWire kuma ya sa kwashe hoto daga kyamara zuwa kwamfuta ya zama abu mai sauƙi. Kwamfuta ta ci gaba da ƙara sauri tana rage tsada, aka bar kaset aka koma katin ajiya, ingancin hoto ya haura zuwa HD, daga baya 4K. Mai kwamfuta yakan bi irin waɗannan sauye-sauye da sabunta manhaja ko musanya sashe guda. Mai akwati kuwa sai ya jira kamfani ɗaya tilo ya ga dama, ko ya sayi sabon akwati ɗungurungum. Sauƙin da ya saya jiya shi ne ya ɗaure masa hannu yau.

Wani zai ce ai manhaja ma tana cin amana, kuma gaskiya ne. A watan Yunin 2011 Apple ya fitar da Final Cut Pro X bayan dogon ɗoki. Editoci suka tarar ba ta buɗe ayyukan da aka yi da Final Cut Pro 7, ba ta kuma iya haɗa hotunan kyamarori da yawa a lokaci guda. Sai a farkon 2012 aka maido da wannan damar. A 2013 kuma Adobe ya daina sayar da sababbin manhajojinsa saye na dindindin, ya koma karɓar kuɗin haya. Amma wannan hujja tana ƙarfafa matsayina ne. Idan kamfani mai girman Apple zai fitar da kaya da giɓi irin wannan, me zai sa a amince da alkawarin da aka gani a dandalin baje koli? Kuma editan da manhaja ta ɓata masa rai yana iya sauke wata a kan kwamfutar nan tasa. DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta. Wanda akwati ya ɓata masa rai ba shi da wannan mafita.

Jiran kansa yana da farashi. A 1983 kamfanin kwamfuta na Osborne ya yi shelar sababbin na'urori tun ba su shirya ba, ciniki ya ja baya, kamfanin kuma ya durƙushe a wannan shekarar. Har yau masana kasuwanci suna ambaton sunansa idan ana maganar illar sanarwar wuri. Ta ɓangaren mai saye ma asarar tana nan: duk watan da edita ya yi yana jiran na'urar gobe da kwamfutar da ke jan ƙafa, aiki ne yake kuɓuce masa zuwa shagon maƙwabci. A Nijeriya akwai ƙarin nauyi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wanda ya tara kuɗi yana jiran kayan da ake sa wa farashi da dala ya ga yadda ajiyarsa ke narkewa yana kallo.

Akwai kuma batun gyara. Kwamfuta in ta lalace, a Kano ko Kaduna ko Maraɗi za a sami mai buɗe ta ya musanya abin da ya ƙone. Akwatin da kamfani ɗaya ke ƙera sassansa, in wutar da ke zuwa da ƙarfi ta taɓa shi, sai a yi ta neman wanda zai tafi da shi ƙasar waje, ga hotunan bikin mutane a kulle a ciki, ga dangin amarya suna buga waya.

Duk da haka, akwai wanda akwati ya dace da shi: mai aikin da ba ya canza siffa. Mai watsa tafsiri kai tsaye a watan Ramadan, mai ɗaukar taro ko lacca da kyamarori uku ko huɗu, yana bukatar abin da zai kunna ya yi aiki ba tare da gardama ba. Na'urar ATEM Mini da kamfanin Blackmagic Design ya fitar a 2019 ta samu karɓuwa ne saboda irin wannan bukata. Abin lura shi ne nau'inta na ISO da ya biyo baya a 2020 yana adana hoton kowace kyamara daban, tare da fayil ɗin aikin da za a buɗe a DaVinci Resolve. Wato akwati ne da ya bar ƙofa a buɗe. Mai shirya fim mai dogon zango kuwa, wanda ke gyaran launi da sauti, yana kuma yanko gutsuttsura a tsaye don TikTok, kwamfuta ce gidansa.

Saboda haka, ga abin da zan tambaya kafin in zaro ko kwabo. Na'urar tana fitar da aiki a tsarin da sauran manhajoji ke karantawa, kamar XML ko EDL? Ma'ajiyarta irin wadda ake samu a kasuwa ce, ko ta kamfanin ce kaɗai? Wa zai gyara ta, kuma a ina? Ayyukan da ke hannuna a yanzu za su mayar da kuɗinta, ko kuwa ina lissafi ne da kwastomomin da ban gani ba tukuna?

Idan kwamfutarka tana hana ka cika alkawari a yau, gyara ta a yau. Sabon akwatin ya fito, waɗanda ke da rarar kuɗi su fara gwada shi, su gano aibinsa, kamfanin ya toshe ɓarakar farko. In bayan wata shida har yanzu masu amfani da shi suna yabonsa, kuma ya amsa tambayoyin nan huɗu, to lokacin ciniki ya yi, domin birin ya sauko ƙasa.