Mai "Sa" Ya Daina Yi Wa Mai "Mushe" Dariya

'Yan'uwa marubuta, akwai wata ɗabi'a da ta kamata mu tsaya mu dube ta. Da zarar mutumin Maraɗi ko Damagaram ya kira malamin makaranta "mushe", sai ka ga namu sun ƙyalƙyale da dariya, wai 'yan Nijar sun mai da malamansu dabbar da ta mutu ba yanka. A nan Nasarawan Doya na sha jin ana tsokanar 'yan ci-rani da ita. Na kasuwa ba su dame ni ba. Damuwata masu alƙalami ne, waɗanda ba sa sako Banijare a littafi sai don a yi wa Hausarsa dariya.

To, bari mu bi salsalar kalmar. Faransanci ce, "monsieur", kuma kalmomi biyu ne aka haɗe: "mon", wato nawa, da "sieur", wato maigida ko shugaba. Ita "sieur" ɗin daga Latinanci ta fito, daga "senior", wanda ya girme ka. A fadar Faransa ma, ƙanin Sarki Luwi na 14 da wannan laƙabi kaɗai ake kiransa. Ashe yaron da ya ce "mushe" cewa ya yi "maigidana". Ina abin dariya a nan?

Mu fa, me ɗalibanmu ke ce mana? "Sa"! Ni da nake shiga aji kullum, sau nawa ake kirana da sunan mijin saniya kafin a tashi? Ban taɓa jin an yi dariya ba. Alhali kuwa "sir" ɗin Ingilishi aro ce daga "sire" ta tsohon Faransanci, wadda ta shiga Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, kuma ita ma jikar "senior" ce. Haka "siniya" da ƙananan yara ke tsoro a makarantun kwana. Kaka ɗaya ta haife su duka; tasu ta biyo ta Faransa kai tsaye, tamu ta yi zagaye ta Landan.

Kada kuma a manta, Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, tun Bature bai ja iyaka ba. Wanda ke cewa "mota", "tebur" da "hedimasta" ba shi da bakin ce wa mai "lakkol" ya gurɓata harshe.

Saboda haka ina kira ga masu tace mujallar nan: in rubutu ya zo daga Tawa ko Maraɗi da "mushe" a ciki, a bar wa mai shi kalmarsa, a yi bayaninta a ƙasan shafi.