Nakiyar Gara da Sabuwar Shinkafa

'Yan'uwa mata, ga kaka ta yi, an yanke shinkafa a fadamun Isa da Sabon Birni, bukukuwan aure kuwa sun matso, har a Turba. Ke da za ki aurar da ɗiya, lalle nakiya na cikin garar da za ki kai. To, ki yi hankali da sabuwar shinkafa, gama akwai sauran danshi a cikinta.

In kin wanke ta, ki baza a tabarma ta bushe sarai kafin ki daka. Sa'an nan ki soya garin a tukunya ba mai, da wuta kaɗan kaɗan, kina juyawa har ya yi ƙamshi ya soma ja. Nan fa masu garaje ke ɓarna. Su sauke da wuri, bayan 'yan kwanaki nakiya ta yi funfuna a ɗakin amarya, dangin miji na kallo.

Ki zuba citta da kanumfari da masoro, ki kirɓa da zuma da soyayyen man shanu. Ɗanyen mai yana da ruwa, kada ki kuskura. Zuma da tsada, na sani. Sukari ma ya isa, in kin dafa shi ya yi kauri. Ki dunƙula, ta huce tukuna, kāna ki rufe a kwano.