Hofs ba giya ba ne, amma mu dinga karanta jikin kwalba

Muhawara ɗaya ta ƙi ƙarewa a zangunanmu, daga Nima zuwa Kumasi: shin lemon malt da ake raba wa baƙi a wurin suna da biki halal ne? Wasu sun duba jikin kwalba sun ga an rubuta "hops" cikin kayan haɗi, suka ce ai da shi ake yin giya, don haka a zubar. Ni ina ganin an ɗora laifin inda ba wurinsa ba.

Hofs tsiro ne mai yaɗo, yana hawa igiya kamar ɗan wake, furen macensa ake tsinkewa a busar. Ba ya yi a ƙasar zafi irin tamu. Manyan gonakinsa suna Hallertau a Jamus, da kwarin Yakima a Amurka, da Zatec a ƙasar Cek, da Kent a Ingila. Aikinsa uku ne: ɗaci, ƙamshi, da hana abin sha saurin lalacewa. In aka daɗe ana tafasa shi, ɗaci ke fitowa. In aka zuba shi dab da saukewa, ƙamshi ke zama.

Kuma iri-iri ne. Saaz na Cek ɗacinsa kaɗan ne, yana ƙamshin ganye da ɗan yaji-yaji. Fuggle na Ingila yana ƙamshin ƙasa da itace. Cascade, wanda aka fitar a Amurka a 1972, yana ƙamshin ɓawon lemo, shi ne ya ɗaga ƙananan kamfanonin giya na can. Citra kuwa kamar mangwaro da lemon tsami. Ko ɗaya cikinsu ba ya sa maye. Abin da ke haifar da barasa shi ne yis, idan ya ci sukarin hatsi ya ruɓar da shi. Ga hujja a ƙofar gidanmu: pito da burukutu babu hofs a cikinsu, amma wa zai ce ba sa bugarwa? Dawar da ake yin su da ita, ita ce dai muke tuƙa tuwo da ita, ba wanda ya haramta ta.

To ina matsalar take? Tana ga sabbin kwalaben da suka cika manyan kantunan Accra, masu cewa giya ce marar barasa. Akwai bambanci tsakanin lemon malt da ba a bari ya ruɓa ba, da giyar da aka dafa ta kammala sannan aka janye barasarta. A Jamus da Amurka doka ta yarda a kira abin sha marar barasa ko da yana ɗauke da kusan kashi 0.5 cikin ɗari. Wannan ne ya kamata a kai gaban malamai, ba furen da bai ji ba bai gani ba.

Wani zai ce, Malam, ai guje wa shubuha ya fi, a bar duka a huta. Wanda ya bari don tsantseni, Allah Ya ba shi lada, ba na jayayya da shi. Amma tsantseni daban, fatawa daban. Mu kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Ghana a ƙidayar 2021, 'ya'yanmu suna makaranta da aiki tare da waɗanda ba Musulmi ba. Yaron da aka ce masa hofs haramun ne, ya je ya bincika ya ga ba haka ba, gobe in aka gargaɗe shi kan ainihin barasa zai ce wannan ma irin waccan ce. Nan asarar take.

Shawarata biyu ce. Malamanmu su zauna da masana harkar abinci su ji yadda ake sarrafa kowane abin sha kafin su yanke hukunci. Sannan ƙungiyoyinmu su matsa wa hukumar kula da abinci da magunguna lamba, duk kwalbar da ta ce ba barasa a rubuta adadin ƙarara, 0.0 ne ko 0.5.

Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, ga sobolo, ga lamurje, ga burkina. Kuɗinsa ma a hannun matan zango zai tsaya.