A Kafa Ma'aunin Ruwan Sama A Ƙofar Kowane Dagaci

A kan tsaunukan ƙasar Lesoto akwai wani ƙaramin wurin wasa da ake kira Afriski, inda mutane ke zuwa su ɗaura dogayen sanduna a ƙafa su yi ta sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Kasuwarsa tana ci ne daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da manomin Dambatta ke duƙe a gona yana noman fari da maimai. Akwai irinsa a Ukaimedan, a tsaunukan Atlas da ke kusa da Marakash a Maroko. Al'adar irin waɗannan wurare a duk duniya ita ce a wayi gari da sanarwa: santimita nawa ta zubo daren jiya, kaurin wadda ta taru a ƙasa nawa ne, ta yi laushi kamar gari ko ta daskare ta yi tauri, wace gangara aka buɗe, wacce aka rufe. Kafin mutum ya ɗauki motarsa ya riga ya san abin da zai tarar. Duk wannan ɗawainiya a kan wasa ake yin ta. Mu kuwa da tuwonmu na shekara ya rataya a kan abin da sama ta zubo, idan aka tambayi yawan ruwan da ya sauka jiya a Kunchi ko Tsanyawa, amsar ba ta wuce "an yi ruwa sosai" ko "yayyafi ne kawai". Ra'ayina shi ne wannan sakaci ya isa haka, kuma gyaransa bai fi ƙarfin Jihar Kano ba.

Kafin a ce wannan neman kwaikwayon Turawa ne, a dubi irin ƙasar da ake magana a kai. Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Bagwai, Minjibir, Makoɗa har iyakar Kazaure, gona ce jikin gona, babu dajin da za a sare a ƙara, babu saurar da za a bari ta huta. Tun cikin shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki, ya nuna wa duniya yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba, saboda taki da ake kaiwa a kan jaki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, da barin gawo da ɗorawa da kuka a tsaye. Manomin da ya iya wannan ba ya buƙatar a koya masa noma. Amma ƙwarewarsa tana da iyaka guda, wato ruwa. Damina a nan gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma tana ƙara gajarta yayin da aka nufi arewa. Wanda gonarsa ba ta kai eka biyu ba, in ya yi kuskuren shuka sau ɗaya, iri ya tafi, kuɗin ƙwadago ya tafi, kwanaki goma ko ashirin na damina sun tafi, kuma waɗannan kwanakin ba a sayo su a kasuwar Dawanau.

Abin da ya sa awo ya zama dole shi ne halin ruwan wannan yanki. Hadari ne ke tasowa daga gabas, ya zubar a inda ya ga dama, ya tsallake inda ya ga dama. Kowa ya san yadda mutum kan baro wani ƙauye yana tsoma ƙafa cikin taɓo, ya isa na gaba ya tarar ƙura na tashi. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun dasa ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai ta Nijar, suka tabbatar da cewa garuruwan da tazararsu ba ta kai tafiyar rabin yini da ƙafa ba suna iya samun bambanci mai yawa a jimillar ruwan damina guda. To ashe ma'aunin da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano, duk da tarihin awon birnin da ya haura shekara ɗari, labarin filin jirgi yake bayarwa. Bai san abin da ya faru a Shuwaki ko Saye ba. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassararsa cikin Hausa, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai hasashe magana ce a kan abin da ake tsammani a faɗin ƙaramar hukuma, alhali manomi yana yanke shawara ne a kan abin da ya riga ya sauka a gonarsa.

Ga yadda lissafin yake a aikace. Ma'aunin ruwa ɗan kofi ne mai zane-zane a jiki, ana kafa shi a kan sanda a fili, nesa da bishiya da indararo, a duba shi kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya ta ruwa a kan kowace murabba'in mita. Milimita 20 a kan hekta ɗaya lita dubu 200 ke nan, wato duro dubu. Masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT a Nijar sun daɗe da tsayar da ƙa'ida cewa ana iya ɗaukar damina ta kankama idan aka tara aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, muddin ba a samu tsayawar ruwa fiye da mako guda ba a cikin watan da ya biyo baya. Rabin farko na wannan ƙa'ida ma'auni ne ke ba da shi, rabi na biyu kuma hasashe. In aka haɗa su, mai sungumi zai san ko ruwan jiya na shuka ne ko na yaudara, mai niyyar binne zai san irin cacar da yake shirin yi, mai buhun takin zamani da ya saya da tsada zai san ko ƙasa tana da damshin da za ta karɓe shi ko rana ce za ta cinye.

Ƙorafi na farko da za a ji shi ne ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi lokacin da ya so, don haka auna shi shisshigi ne. Rabin maganar gaskiya ce da babu Musulmin da zai musa. Amma auna abin da ya riga ya sauka ba da'awar sanin gaibu ba ne, kamar yadda auna hatsi da tiya bai zama ƙin godiya ga wanda ya ba da shi ba. Shari'a kanta ta bambanta zakkar amfanin da ruwan sama ya shayar, wato ɗaya bisa goma, da wanda aka sha wahalar ban ruwa, wato rabin haka. A shekarar 861 Miladiyya, zamanin halifan Abbasiyawa Almutawakkil, aka gina ma'aunin Kogin Nilu a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, kuma da shi hukuma ke gane ko shekara ta albarka ce ko ta ƙunci kafin ta yanka haraji. Ginin yana nan har yau. Malamanmu na zaure ma sun gaji lissafin taurari 28, kowanne da kwanakinsa 13, suna gaya wa manoma lokacin da ya dace da shuka da lokacin da marka ke kamawa. Mutanen da ke tura shaidar ganin wata daga ƙauye har fadar Sarkin Musulmi cikin dare ɗaya ba baƙi ba ne ga lura da sama da kai rahoto.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Za a ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: manomi yana tona ƙasa da hannu ya ga zurfin damshi, yana lura da zuwan shamuwa da kaɗewar ganyen gawo, me kofin roba zai ƙara masa? Amsar ita ce wannan sani yana tsayawa ne a bakin gonarsa, kuma ba ya hawa takarda. Masu rabon tallafin iri da taki ba su gan shi ba, bankin da ya ba da bashi bai gan shi ba, kamfanin inshorar noma bai gan shi ba. Ranar da fari ya ƙone geron wata gunduma, dagaci zai je ya yi rantsuwa, jami'i ya ce a takardunsa Kano ta samu ruwa isasshe, a tashi baram-baram. Da akwai littafin da ya nuna kwana ashirin babu ko ɗigo, da gardama ta ƙare. Tarihinmu cike yake da wannan darasi. Yunwar Kakalaba ta 1914, farin 1973 da ruwan Kano ya tsaya a kusan rabin abin da aka saba, da na 1983 zuwa 1984, duk talaka ya san da su tun gero na yaushi a gona, hukuma kuwa sai da rumbuna suka zama wayam ta farga. Masu cewa tauraron ɗan Adam ya wadatar su ma su sani cewa yawanci gajimare yake kallo ya yi ƙiyasi, kuma ƙiyasin nasa ba ya inganta sai an gwada shi da awon ƙasa.

Saura masu cewa wannan ma zai mutu kamar sauran shirye-shiryen gwamnati. Tsoronsu yana da hujja, shi ya sa bai kamata a mai da abin kwangilar na'urori masu tsada da batirinsu zai mutu a damina ta biyu ba. Maƙwabtanmu da ba su kai mu arziki ba sun nuna hanya mai sauƙi. Bayan farin shekarun 1970 aka kafa cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai a 1974. Mali ta fara tun 1982 tana ba manoma ma'aunai suna auna ruwan gonakinsu da kansu, ana haɗa awon da shawarar ranar shuka. A Nijar gidan rediyon ƙasa yakan karanto milimitocin da aka samu gari-gari a lokacin damina, har abin ya zama hirar majalisa. Kano tana da mazaɓu 484, tana da masu unguwanni da dagatai da hakimai da suka saba kai rahoto sama, tana da malaman gona na KNARDA, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, da gidajen rediyon da babu ƙauyen da ba a jin su. A kafa ma'auni a ƙofar dagaci, a ɗora wa wani matashi mai waya alhakin dubawa bayan asuba da ɗan alawus, ya aika da lambar ta saƙon tes, jami'a ta tattara, rediyo ya karanta bayan labarai. Karantawar a bainar jama'a ita ce maganin maguɗi, domin wanda ya rubuta milimita 40 a ranar da garinsu bai ga hadari ba, mutanen garin ne za su fara ƙaryata shi.

Kira na ga Ma'aikatar Aikin Gona ta jiha da masarautu da shugabannin ƙananan hukumomin Kano ta Arewa shi ne kada a jira wata ƙungiyar waje ta kawo wannan a matsayin agaji. A fara da Dambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Bichi, inda damina ta fi saurin yin gardama, a gwada na shekara biyu a ga sakamako. Da yayyafi kogi kan cika, kuma littafin da aka fara rubutawa bana shi ne hujjar da jikokinmu za su dogara da ita su gane ko damina tana sauyawa da gaske. Lokacin kafa sandunan shi ne rani, kafin shamuwa ta dawo.